Kyautar Kwana Goma Sha Biyu

A cikin watan Disamban bara, sa'ad da aka rarraba mu makarantun firamare don gwajin koyarwa, na sha wata kunya a gaban aji shida wadda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labarin, musamman waɗanda za su fita bana.

Ga yadda abin ya faru. A makarantar da aka tura ni, yara suna ta koyon wata waƙa ta mutanen Ingila don bikin rufe makaranta, watau waƙar Kwanaki Goma Sha Biyu na Kirsimeti. Kwanakin nan su ne daga 25 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu. Tsohuwar waƙa ce ƙwarai. An buga ta a Landan a 1780 cikin wani ɗan littafin yara mai suna Mirth without Mischief, muryar da a ke rera ta da ita yanzu kuwa wani mawaƙi Frederic Austin ne ya tsara a 1909. Da can wasan gwada ƙwaƙwalwa ce, wanda ya manta wani baiti a ci shi tara. Labarin cikinta, masoyi ne ya ke aika kyauta. Ranar fari tsuntsu guda, irin makwarwa. Rana ta biyu kurciya biyu, da makwarwa kuma. Haka a ke tafiya, kowace rana a kawo sabon abu, sa'an nan a koma a jero dukan na baya, har ranar ƙarshe da a ke kawo makaɗa 12.

Ni kuwa da na ji suna rerawa sai dabara ta faɗo mini. Na ce ai ga darasin lissafi a ɓagas, ga shi kuma ran nan ne malaminmu na kwaleji zai zo duba koyarwata. Da dare na tara 1, 2, 3 har zuwa 12, na sami 78. Har na shirya in burge su da labarin da a ke bayarwa na Gauss, shahararren masanin lissafin nan na Jamus da aka haifa a 1777, wanda aka ce tun yana yaro ya tara 1 zuwa 100 nan take ta haɗa na farko da na ƙarshe. A nan ma haka: 1 da 12 su ba da 13, 2 da 11 su ba da 13, har sau shida, 78 ke nan.

Gari ya waye, na rubuta tambaya a allo: kyauta nawa aka aika duka-duka? Yawancin yara suka kawo 78, ina ta jin daɗi. Sai wata yarinya can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni 364 na samu." Ban ko dubi littafinta ba. Na ce, "Ke, tarawa aka ce ki yi, ba ƙidayar kwanakin shekara ba!" Aji ya fashe da dariya, ta sunkuyar da kai. Malaminmu yana zaune a kusurwa bai ce uffan ba. Sai da aka tashi ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ka saurari waƙar nan kuwa, ko lambobinta kaɗai ka duba?"

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na zauna na bi waƙar rana-rana. Ashe 78 ɗin da na ke taƙama da shi kyautar rana ta goma sha biyu ce kurum! Ranar fari 1, ta biyu 3, ta uku 6, ta huɗu 10, daga nan 15, 21, 28, 36, 45, 55, 66, sai 78. Da na tara su duka, 364 cif. Yarinya ta yi gaskiya. Har maganar da na yi mata ta ba'a ma kusan daidai ce, gama saura ɗaya su cika kwanakin shekara.

Kashegari na shiga aji na ce, "Jiya na yi kuskure, 'yar'uwarku ce ta samu." Ba ƙaramin nauyi na ji ba wajen faɗin wannan, amma ba makawa. Na ba ta alli na ce ta nuna mana. To, nan ne abin ya fi ba ni mamaki, don ba ta bi hanyata ba sam. Ita iri-iri ta ƙidaya. Makwarwa guda ce, amma ta zo kwana 12, watau 12. Kurciya biyu, kwana 11, watau 22. Kaji uku, kwana 10, watau 30. Ta ci gaba: 36, 40, 42. Daga nan ta ce ba sai ta wahala ba, lambobin komawa su ke yi da baya, 42, 40, 36, 30, 22, 12. Ta tara shida na fari ta sami 182, ta ninka biyu. Ku duba fa: makaɗa 12 da su ke zuwa sau ɗaya tak, yawansu ɗaya da makwarwar da ta ke zuwa kullum. Abin da ya fi yawa kuma na tsakiya ne, na rana ta shida da ta bakwai. Ni da na shekara biyu ina karatun malanta ban hango wannan ba.

Don in ɗan wanke kaina, na sa aka kawo lemo 20 daga wurin mai talla a bakin ƙofa. Muka jera 10 a ƙasa cikin siffa mai kusurwa uku, muka ɗora 6 a kansu, sa'an nan 3, sai guda a ƙololuwa. Na ce wannan kashin lemon shi ne kyautar kwana huɗu, kowane hawa rana guda ne. Da za mu kai hawa 12, da lemo 364 za mu saya. Akwai kuma gajeriyar hanya: ka ninka yawan kwanakin da lambobi biyu da ke biye da shi, ka raba da 6. Kwana huɗu, 4 sau 5 sau 6 sun zama 120, a raba da 6, ga 20. Kwana goma sha biyu, 12 sau 13 sau 14 sun zama 2,184, a raba da 6, ga 364.

Wani yaro mai gardama ya tsaya kai da fata cewa 78 ne daidai, wai maimaitawar nan tuna baya ce kawai, ba sabuwar kyauta ba. Ban hana shi ba, gama wannan karon na koyi saurare. Amma a ganina waƙar ba ta goyi bayansa ba, tun da kowane baiti cewa ya ke yi a ranar aka aiko da dukan jerin. Da ya ga an rinjaye shi sai ya sake lale. Ya sa muka rarrabe kayan: tsuntsaye 184, zoben zinariya 40, mutane 140, da masu tatsar nono da masu rawa da masu busa da makaɗa. Ya dubi allo ya ce, "To, Malam, wa zai ciyar da su?"

Malaminmu bai ga wannan darasi na biyu ba. Makin da ya ba ni na ranar fari ne, kuma shi ne ya shiga takardata. Lemon kuwa yara suka raba, yarinyar ta ɗauki na ƙololuwa.