Amshi Ba Karatu Ba Ne

Tun da aka koma makaranta ake ta ƙananan maganganu a garin nan a kan malamin aji uku, wai ya mai da aji gidan kallo. Laifinsa bai wuce shiga aji da waya da wata 'yar lasifika mai cajin rana ba. Yawancin masu maganar ba su taɓa leƙa tagar ajin ba, wasunsu ma in ka tsare su ba za su iya gaya maka ajin da ɗansu yake ba. Amma da yake uban malamin ɗalibina ne, kuma har yau ana kirana Hedimasta ko da yake na daɗe da ajiye alli, sai aka ɗora mini in je in ja masa kunne.

Na je, ban kuwa ja kunnen kowa ba. Yara sun haura ɗari, fiye da rabi a ƙasa. Ya kasa su gida uku. Waɗanda ba su gama sanin baƙaƙe ba suna gindin darbejiya suna zana su a ƙasa da tsinke. Kashi na biyu suna haɗa gaɓoɓi da katunan da ya yanka daga kwalin taliya. Shi kuma yana kan benci a bakin ƙofa, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya ta zo, ya miƙa mata kati mai layi biyu, ya danna waya, ta karanta. Da ta gama ya kunna mata a lasifika. Jin muryarta ke da wuya ta ja hijabi ta rufe fuska, ƙawayenta suka bushe da dariya. Can ta leƙo ta ce, "Malam, a nan ba na ce, ashe da ne." Bai tanka ba, ya sa alama a gaban sunanta, ya kira na gaba.

Da aka tashi ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, an ce faɗa ka zo yi mini." Na ce, "Malam, miƙo littafin nan tukuna." Kowane yaro da layinsa: wanda ya tsaya a baƙi, wanda ya kai kalma, wanda ke iya karanta ɗan labari. Muryoyin kuma ajiye su yake yi, bayan wata guda ya sake ɗauka, ya kunna wa yaro ta da da ta yanzu ya ji da kunnensa. Na daɗe ina juya littafin nan, har ya fara tsarguwa.

Mu 'yan zamanin UPE ne. Wanda ya ga Satumbar 1976 ya san abin da nake nufi. Gwamnatin Obasanjo ta buɗe ƙofa ta ce duk ɗan shekara shida ya shigo. An yi lissafin yara miliyan 2.3 a faɗin ƙasa, sai ga wajen miliyan 3. Dagatai da masu unguwanni na bi gida-gida, iyaye na ɓoye 'ya'ya a rumbu. Yaro in ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunnensa, shi ke nan ya isa shiga. Mu kuma aka yi ta ƙyanƙyasar mu a gurguje daga kwalejojin horon malamai, su Bichi da Wudil, wasu ma ba su gama ba aka damƙa musu alli. To me mutum zai yi da ɗaki maƙil da yara, littafi ɗaya, bulala ɗaya? Sai amshi. Ka rubuta a allo, ka nuna da sanda, ka faɗa, su amsa. Sufeto in ya taho a kan babur, tun daga bakin gari yake jin ihun, ya iso yana murmushi, ya rubuta a littafin baƙi cewa makaranta tana aiki.

Ba wanda ya gaya mana cewa a cikin masu ihun nan 'yan ƙalilan ne ke kallon allo, sauran bakinsu kawai suke bi. Sai da shekaru suka ja muka gane, kuma ni a kasuwar Bagwai na gane. Wani magidanci ya tare ni, furfura ta soma fito masa a gemu. A ajina babu wanda ya kai shi murya, shi nake bar wa sanda ya ja musu in zan leƙa ofis. Ya jawo ni bayan wata rumfa, ya miƙo waya, ya yi ƙasa da murya: "Allah gafarta Malam, duba mini, kuɗin ne suka shigo?" Ya loda wa wani dillali kwandunan tumatir, an ce masa an tura, ya ji waya ta yi ƙara, ya sallami mota. Saƙon da ke ciki tallar kamfanin waya ce. Shekara shida ya yi a gabanmu, takardar shaidar gama firamare tana nan a adakar uwarsa. Ko sau ɗaya ba a taɓa kiransa shi kaɗai an ce karanta wannan mu ji ba. Ba ya cikin abin da aka koya mana, ba ya cikin abin da sufeto ke dubawa. Ranar ko cefanen da ya kai ni kasuwar ban yi ba.

Mu da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar Watari bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Tun da aka gama dam ɗin a 1980 muka san cikar babban kanal daban, shan gona daban. Na kusa da bakin ruwa shinkafarsa har ta gaji da sha, na can ƙarshe yana tsaye da fartanya a kan busasshiyar ƙasa. Mai rabon ruwan da ya tsaya a kan gada ya ce ruwa na gudu bai yi ƙarya ba, takawa zuwa ƙarshen ne bai yi ba. Da haka na amsa wa masu ƙara. Na ce kowa ya koma gida ya kira ɗansa shi kaɗai, ya sa shi ya karanta masa rubutun da ke jikin buhun taki. Wani ya dawo yana tambaya ko za a iya mai da ɗansa, ɗan aji shida, wajen mai lasifikar.

Kada fa wani ya ɗauka na zama ɗan kamashon masu sayar da waya. Na ga na'urori sun zo sun wuce. Muna yara majigi ke zuwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar dagaci, a nuna mana tsabta da noman gyaɗa, mu kuwa wurin ban dariyar kawai muke jira. An taɓa ba makarantarmu rediyo don darussan da ake watsowa. Batir ya ƙare, ba a aiko da wani ba, rediyon ta koma ɗakin wani tana kama Kaduna da dare. Sai babbar, wadda har yau in na tuna raina ke ɓaci: da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyon sana'a daga Bulgariya da wasu ƙasashe, na aikin katako da na ƙarfe da na lantarki. Na gan su da idona a wata ƙaramar sakandare, a cikin akwatunansu, jibge a baranda. Babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san kansu. Damina ta bi ta kansu, gara ta cinye katakon, awaki suka samu wurin kwana. Ƙarafan daga baya 'yan gwangwan suka san inda suka kai su.

Yanzu kuma kwamfuta ce. A kawo su makarantar da iska ta yaye wa rufi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a garƙame ɗaki, mabuɗi yana aljihun wanda ke tsoron a ce a hannunsa ta lalace. Wanda ya ba da kwangilar ya san babu wuta a garin. Ya sani sarai.

A cikin malaman ma akwai waɗanda waya ta zame wa hanyar zillewa. Wani zai sauko da bidiyon wata Baturiya tana rera baƙaƙe, ya jingina waya a kan tebur, ya fita shan rake. Waya ta faɗa, yara su amsa. Amshin nan ne dai na 1976, sai dai yanzu malamin ko maƙogwaronsa ba ya wahalarwa. Wani kuma ya jera 'ya'yan mutane ya ɗauke su, ya watsa a TikTok ana dariyar wanda ya kasa, iyaye ba su sani ba. Irin wannan ko a gabana aka kore shi ba zan yi ceto ba. Namu malamin ma na gaya masa muryoyin nan amana ce, kada in kuskura in ji ta yarinyar nan a wayar wani.

Da ni ke da iko, da na hana ɗan firamare riƙe waya kwata-kwata. Na faɗa a gidana, na faɗa a ƙofar masallaci. To amma ga jikana. Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawa da takarda da fensir, sai a kwamfuta, WAEC ma ta soma bin sahu a 2024. Yaron nan ranar jarrabawa ce ranar da ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ɗan birnin da ke gefensa ya yi nisa, shi yana neman inda zai danna ya wuce tambayar farko, ga kunyar ɗaga hannu. Ya kuwa san amsoshin, don ni na yi masa bita. Saboda haka ina so a hana su, ina kuma so a koya musu. Kada wanda ya tambaye ni yadda za a haɗa biyun, wannan aikin masu albashi ne, ni ɗan fansho ne.

Na tambayi malamin inda ya samo dabarar kasa yara. Ya ce wani abokin karatunsa a kwalejin ilimi ta Bichi, da ke koyarwa a Dawakin Tofa, shi ya nuna masa. A 2019 an gwada wani shiri a can da Wudil mai suna KaLMA, haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da British Council. 'Yan aji huɗu zuwa shida ake ɗauka, a auna kowane yaro shi kaɗai, a ajiye maganar aji a gefe na ɗan lokaci kowace rana, a haɗa shi da waɗanda suke mataki ɗaya da shi, a fara da Hausa. Asalin dabarar daga Indiya take, wata ƙungiya da ake kira Pratham ce ta fito da ita. Ba ta neman wuta, kara da tsakuwa da kwali sun isa. Ɗaukar murya ƙarin malaminmu ne, don ya lura yaro ya fi yarda da kuskuren da ya ji da kansa a kan wanda aka yi masa tsawa a kai.

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Sai da aka je Indiya? Wace makarantar allo ce a ƙasar Kano ba haka take ba? Duk hayaniyar da ke tashi a zauren malam, kowa allonsa yake karantawa. Mai babbaƙu na nan, mai farfaru na nan, mai izu goma na nan, kuma ba mai wanke allo sai ya durƙusa gaban malam ya karanta shi kaɗai an ce ya wanke. Mu da muka fito daga nan muka shiga kwaleji, aka sa mana gajeren wando, muka baro wannan a zaure don kada a ce mana 'yan gargajiya. Makarantar allo na da nata ciwon, na sani, wannan zancen wata rana ne. Amma gardi bai taɓa sauka a kan amshi ba.

Lokacin korona, da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, an yi ta darussa a gidajen rediyo. Na saurara, malaman sun iya aikinsu. Sai dai rediyon manomi a wuyan keke take, tana gona tun safe. In ma yaro ya ji, wa zai ce masa maimaita in ji? Waɗanda suka tsira da wani abu su ne masu yaya ko uwa da ta zauna kusa da su tana tambaya.

A jihar Kano an ce ilimi kyauta ne kuma dole a 2019, an ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2024. Madalla, Allah Ya sa a ɗore. Amma a yi lissafi: mutum ɗaya da yara ɗari, in ya ba kowa minti biyu ya cinye sama da awa uku, bai koyar da komai ba tukuna. Malaminmu sai ya kusa mako biyu kafin ya sake zagayowa kan yaro. A ba shi abokin aiki kafin a ba shi kwamfuta. Na san ɗazu na nemi kwamfutar, to a kawo duka, amma mutum a gaba.

Malamin nan shi ke sayen data da kuɗinsa. Wayar in ta cika, hotunan bikinsa yake gogewa. Da rani yana da 'yar gonar albasa da yake cike giɓin albashi da ita, kuma na ji ƙishin-ƙishin yana neman canji zuwa birni. Ban hana shi ba, da wane bakin? Abin da na roƙa shi ne kafin ya tafi ya riƙa zama da sauran malamai ranar Alhamis bayan an tashi, ya nuna musu yadda ake auna yaro da yadda ake cika littafin. Hedimastan makarantar ya amince, kwamitin iyaye suka ɗauki nauyin kwali da alƙalamin rubuta kati. Alhamis ɗin farko malamai uku suka zauna. Na huɗun ya aiko yaro ya tambaya ko akwai alawus.