Gidan Gonar Kakanmu A Gumani



A tsakiyar hunturu muka shiga ƙasar Gana ta kan iyakar Paga, mu uku 'ya'yan gida ɗaya, muka bi ta Bolgatanga da Walewale har Allah ya kai mu Tamale. Abin da ya tashe mu shi ne gyaran gidan gonar kakanmu da ke unguwar Gumani, inda Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, take zaune da jikokinta.

Dangantakar Hausawa da wannan yanki tsohuwa ce. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 da yawansu suka bazu zuwa wasu zangogi. Tamale kuwa ta bunƙasa ne tun da Turawan Ingila suka mai da ita mazaunin mulkin arewa a 1907. Daga baya kakanmu ya zo, ya roƙi fili wurin Dagombawa masu ƙasa, ya gina ɗakuna huɗu na jar ƙasa a tsakiyar gonar dawa da doya. Yau gari ya cinye gonar. Gidajen bulo da masaukan baƙi sun kewaye ta ko'ina, babura na kai da kawo, ba abin da ya saura sai kaɗanya biyu, ɗorawa ɗaya, da rumbun da zabi ke kwana a gindinsa.

Kafin isowarmu an canja kwanon rufi, an toshe ɓarnar gara. Saura fentin ciki, wanda muka ɗauka aikin yini biyu ne. Ashe nan gardamar take. Ƙaninmu ya zo da hoton wani falo a wayarsa, fari fat yana walƙiya, ya ce a yi yaɓen siminti a bi da fentin mai tun daga zaure har turaka, in kuwa gidan ba zai karɓi zamani ba, gara a sayar da filin. Kuɗin da dangi suka tara kuma na aiki ɗaya ne, ba na gwaji ba. Gwaggo dai ba ta ce uffan ba a daren nan, amma mun ga tuwonta ya kwana.

Da safe mai fentin ya iso, wani dattijo Badagombe mai jin Hausa sarai. Muka gaishe shi da "Dasiba", ya amsa da "Naa", ya shiga ɗakin Gwaggo ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya daɗe bai ɗauke ba. Sa'an nan ya dubi babbanmu ya ce, "Malam, wannan bango numfashi yake yi. In kuka toshe masa hanci, damina biyu ta ishe shi."

Bayaninsa shi ne, ginin ƙasa yana shan laima da damina, wadda a nan take kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ya kuma fitar da ita da rani. Siminti da fentin mai suna kulle laimar a ciki, sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa na ƙyalli. Ba tatsuniya ba ce. Tsohon masallacin Larabanga, kusa da Damongo, an yi masa yaɓen siminti a shekarun 1970 da nufin alheri, laima ta taru ta raunana ginin, har sai da aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa a gyaran da ya biyo bayan 2002. Da jin sunan masallacin, ƙaninmu ya mai da wayarsa aljihu.

Sai batun launi. Mu da muka yi makaranta mun zaci ido ke zaɓa, ashe ƙura ke da babbar murya. Ƙasar Tamale ja ce, iskar hunturu kuma tana shigar da ita ta kowace kafa daga Disamba zuwa Fabrairu. Gwaggo ta nuna mana inda kafaɗun masu zama suka yi wa tsohon bango tabo, da inda yara ke dafawa da hannun miya. "'Ya'yana," in ji ta, "fari na mai aiki ne. Ni wa zai wanke mini?" Saboda haka aka raba bangon zaure da na falo biyu: daga ƙasa zuwa ƙugun mutum ruwan ƙasa mai ja-ja, wanda ƙura ba ta kunyata shi, daga nan zuwa sama farar ƙasa, domin tagogin gidan ƙanana ne, haske kuwa sai an taimake shi.

Dattijon bai yarda mu zaɓa daga takardar launuka ta kanti ba. Ya shafa launi uku a bango, kowanne faɗin tabarmar salla, ya ce mu dube su da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da kuma dare a ƙarƙashin fitila. Abin mamaki, ruwan ɗorawar da ya burge mu da safe ya zama kamar wuta da tsakar rana, a garin da zafin Maris kan kai awo arba'in. Ruwan toka kuwa da almuru sai ya sa ɗaki ya yi kama da gidan makoki. Ruwan madara ne ya tsira a lokutan huɗu, shi aka ba ɗakin baƙi.

A ɗakinta Gwaggo ta nemi abin da ta saba tun tana amarya: farar ƙasa da ɗan bula a ciki, wadda ke ba da shuɗi-shuɗi mai sanyaya ido. Madafi kaɗai aka yi wa fentin mai, domin shi ginin bulo ne na baya-bayan nan, kuma hayaƙi na bukatar bango mai wankuwa. Tsoffin ƙyamare ma mai fentin ya hana a goge su a bushe yara na kusa, don tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Abu ɗaya ya faranta mana fiye da sauran. Don kare gindin bango ta waje, dattijon ya sa aka tafasa ɓawon ɗorawar gidan, aka shafa ruwan. Muka ce ai makuba ke nan, irin ta maginan Kano da Zariya. Ya yi dariya ya ce matan Sirigu, can kusa da Navrongo, da ita suke rufe zanen ja da baƙi da fari na bangayensu.

Ranar da za mu taso, farar ƙasar ba ta gama bushewa a zaure ba. Ƙaninmu ne ya ɗauki hoton ɗakin Gwaggo ya aika wa dangi, bai sake ta da zancen sayarwa ba. Ita kuwa ta raka mu har gindin kaɗanya, ta ce mu gaya wa yayanta, in Allah ya kai mu kaka, ya aiko da kuɗin buhun farar ƙasa guda, domin shafen nata na shekara-shekara ne.

Wassalam.