Daga 1444 zuwa 1337: Gardamar Masoya Wani Wasan Tarihi a Kan Magajinsa

Akwai wata rana a kalandar Miladiyya da ɗimbin matasa a faɗin duniya suka haddace ba tare da wani malami ya tilasta musu ba: 11 ga Nuwamba, 1444. Kwana guda kafin ita, rundunar Sarkin Turkawa Murad na Biyu ta murƙushe gamayyar mayaƙan Kiristocin Turai a Varna, a gabar Baƙin Teku, inda Sarkin Poland da Hangari ya faɗi a fagen daga. Daga wannan safiya ce wasan kwamfuta mai suna Europa Universalis IV yake farawa, kuma tun fitowarsa a watan Agusta na 2013 masoyansa suke ta komawa gare ta, kowane zagaye da sabuwar ƙasa da sabon buri. A 2025 kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya sanar da cewa magajin wasan, wato Europa Universalis V, zai fito ranar 4 ga Nuwamba, 2025, kuma zai fara ne daga shekarar 1337. Wannan sanarwa ta ƙara rura wata muhawara da aka daɗe ana tafkawa, wadda ya kamata ko wanda bai taɓa kusantar wasan ba ya saurara, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar yadda mutanen wannan zamani suke koyon tarihi, da kuma wanda yake zana musu shi.

Wasan kansa taswirar duniya ce da aka yayyanka zuwa dubban larduna. Mai wasa yana zaɓar ƙasa guda, ko Faransa ce, ko Mali, ko wata ƙaramar masarauta a tsibiran Japan, ya riƙe ragamarta har zuwa 1821. Shi ne zai tara haraji, ya ƙulla auren siyasa, ya tura fatake, ya ɗauki soja, ya ayyana yaƙi, sannan ya zauna teburin sulhu. Sauran ɗaruruwan ƙasashe kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da su, kowacce da kwaɗayinta. Asalin wasan na allo ne da wani Bafaranshe mai suna Philippe Thibaut ya tsara a 1993, aka mayar da shi na kwamfuta a shekarar 2000, na biyu ya biyo baya a 2001, na uku a 2007. Na huɗun ne ya fi kowanne tsawon rai, kuma dalilin tsawon ran nasa shi ne tushen rabin gardamar da ake yi yau.

Paradox ba ta saki wasan ta juya baya ba. Ta ɗauki tsarin da kowane 'yan watanni take fitar da abu biyu a lokaci guda: gyara na kyauta da kowa zai samu, da kuma ƙarin kunshi na sayarwa mai ɗauke da sababbin dokoki da labarai. Da haka wasan ya yi ta sauya kama. A 2014 aka faɗaɗa taswirar Afirka da Asiya da Amurka ƙwarai. A 2016 aka soke tsohuwar dokar da ta wajabta wa duk ƙasar da ba ta Turai ba ta kwaikwayi Turawa kafin ta ci gaba a fasaha, aka maye gurbinta da tsarin da sababbin dabaru, irin su na'urar ɗab'i, ke ɓulla a wani wuri su riƙa yaɗuwa lardi bayan lardi. A 2021 aka fitar da kunshi mai suna Origins, wanda ya mai da hankali kan Mali da Songhai da Habasha da Kongo da Kilwa. Wanda ya sayi wasan a 2013 ya dawo gare shi bayan shekara goma zai iske kusan wani abu daban.

Sai dai tsarin yana da nasa dafin. Kuɗin dukan kunshin idan aka tara su sun kai ɗaruruwan daloli, har ta kai kamfanin ya ɓullo da biyan kuɗin wata-wata domin sababbin shiga. An kuma taɓa kulle wani muhimmin ɓangare na wasan, wato ikon bunƙasa lardi, a cikin kunshin sayarwa na 2015, sai bayan shekaru aka sakar wa kowa. Babban tuntuɓen ya zo a watan Afrilu na 2021, lokacin da kunshin Leviathan ya fito cike da kurakurai, har yana lalata wa mutane wasannin da suka shafe makonni suna ginawa. A kasuwar Steam, waɗanda suka yaba masa ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma dole jagoran aikin, Johan Andersson, ya fito ya ba da haƙuri. Masoya wasan ba su manta ba. Duk wani alkawari da aka yi game da magajin, da ma'aunin wancan wata suke auna shi, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗaya rabin gardamar ya fi zurfi, don ya shafi fahimtar tarihi kanta. A cikin na huɗun, kowane sarki yana da maki daga sifili zuwa shida a fannoni uku: mulki, diflomasiyya da soja. Gwargwadon makinsa, gwargwadon abin da ƙasar ke tarawa duk wata na wasu lambobi da ake kashewa a sayi ci gaban fasaha, ko a kwantar da tarzoma, ko a mai da ƙauye birni da danna maɓalli. Masu suka sun laƙaba wa lambobin sunan da ake kiran ƙarfin tsafi da shi a wasannin almara, suna nufin cewa abin ya fi kama da siddabaru. Hujjarsu ita ce birni ba ya girma don sarki ya ga dama. Yana girma ne saboda abinci ya wadata, hanya ta samu, fatake sun zo, annoba ta ɗaga ƙafa. Masu kare tsarin su ma ba su rasa abin cewa ba: a ganinsu wasa wasa ne, kuma lambobin suna tilasta wa mutum zaɓi mai zafi tsakanin buƙatu uku, wanda shi ne ainihin aikin mai mulki. Andersson ya ɗanɗana kuɗar wannan muhawara a wani wasan da ya jagoranta, Imperator: Rome na 2019, wanda ya dogara da irin waɗannan lambobi, ya sha suka, aka yi masa garambawul, daga bisani aka dakatar da aikinsa a 2021.

Magajin ya karkata zuwa ɓangaren masu suka. An cire waɗancan lambobi, aka sa jama'a a tsakiyar komai. Kowane yanki yana da adadin mutanensa, an kasa su zuwa masu sarauta, malaman addini, attajiran birni, talakawa manoma da bayi, kowane rukuni da addininsa da al'adarsa da abin da yake buƙata a kasuwa. Sojan da ya mutu a yaƙi daga cikin waɗannan mutane ake cire shi, gonarsa ta rasa mai noma. Ikon sarki kuma yana raguwa gwargwadon nisan wuri daga fadarsa, sai in akwai kogi ko teku ko hanya da za su kusanto da shi. Duk wanda ya karanta yadda manyan dauloli suka yi ta fama da hakiman kan iyaka zai gane hikimar wannan doka. Fargabar wasu masoya ita ce kada lissafi ya yi yawa har daɗin wasa ya ɓace, kuma kada kwamfutar mai ƙaramin ƙarfi ta kasa ɗaukar nauyinsa.

Komawa 1337 ma ba ƙaramar shawara ba ce. A 1444 hanyar da duniya za ta bi ta riga ta fara bayyana: saura shekara tara Turkawa su ci Kustantiniya, Fotugal kuma ta fara lalube gabar yammacin Afirka. A 1337 kuwa Turkawan Usmaniyya ƙaramar masarauta ce a arewa maso yammacin Anatoliya ƙarƙashin Orhan, Ingila da Faransa suna bakin shiga Yaƙin Shekara Ɗari, zuriyar Mongol na mulkin Sin, kuma shekara goma sha uku kacal ke nan da Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a hanyarsa ta hajji a 1324. Shekara goma bayan fara wasa, annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa za ta iso Turai ta lashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanenta. Masu murna suna cewa wannan duniya ce da ba a riga an yanke mata hukunci ba, inda Mali take cikin manyan dauloli masu arziki. Masu ɗari-ɗari kuma suna tambaya: idan aka ba kwamfuta ƙarin shekara ɗari ta yi yadda ta so, shin Sifaniya da Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkawa za su ma taso kuwa? Wasan da ya bi tarihi sau da ƙafa ya zama karatu, wanda ya sake shi gaba ɗaya kuma ya zama tatsuniya, kuma har yau ba a daidaita kan inda ya kamata a tsaya tsakanin biyun ba.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda aka gina magajin a bainar jama'a. Reshen kamfanin mai suna Paradox Tinto, da aka kafa a 2020 a garin Sitges kusa da Barcelona, ya fara wallafa bayanan mako-mako tun watan Fabrairu na 2024, fiye da shekara guda kafin a bayyana sunan wasan a hukumance a watan Mayu na 2025. An riƙa fitar da taswirar kowane yanki na duniya ana neman gyara. Masoya daga Poland da Turkiyya da ƙasashen Balkan da Sin suka yi ta kawo littattafai da tsofaffin taswirori, suna jayayya a kan iyakar wata masarauta, ko sunan wani gari, ko yawan mabiya wani addini a wani kwari. Sau da yawa kishin ƙasa na yau ya kan sa rigar ilimi ya shigo cikin muhawarar, amma sau da yawa kuma gyaran ya kan zama na gaskiya, masu aikin su karɓa su sake zana taswirar.

A nan ne lamarin ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye. A cikin na huɗun, Kano da Katsina da Zazzau suna nan a matsayin ƙasashen da za a iya zaɓa, tare da Borno da Ayar da Nupe da Oyo. Akwai matashi a Brazil ko Koriya wanda karon farko da ya ga sunan Zazzau a rayuwarsa a wannan taswira ne. Wanda zai zana ƙasar Hausa ta 1337 kuwa aikinsa ya fi wuya, domin rubutattun madogara na wancan ƙarni ba su da yawa. Babban abin dogaro shi ne Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya wallafa fassararsa ta Turanci a 1908. Bisa lissafin shekarun da ya yi, Tsamiya ne ke sarautar Kano a 1337, kuma Wangarawan da suka zo daga Mali da addinin Musulunci sun iso ne a zamanin Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Ke nan mai tsara wasa dole ya yanke hukunci a kan tambayoyin da masana kansu ke taka-tsantsan da su: wane addini za a rubuta wa Kano a ranar farko, mutum nawa ne a cikin ganuwarta, ina iyakarta da maƙwabtanta. Duk abin da ya rubuta, ɗimbin mutane za su ɗauke shi a matsayin tabbataccen zance, saboda lamba a kan allo tana da kwarjinin da jimlar "ana kyautata zato" ba ta da shi.

Tsarin neman gyara daga jama'a yana fifita yankin da 'ya'yansa suka hallara da hujja a hannu. Inda masu magana suka yi yawa, taswira ta kan fito da cikakken bayani; inda suka yi ƙaranci, a kan cike gurbi da abin da aka samu a littafi ɗaya ko biyu. Ba lallai ne wannan ya zama mugun nufi ba, sakamakon wanda ya zo taro ne da wanda bai zo ba. Ga jami'o'in da ke da sassan tarihi masu ƙarfi a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, da ɗimbin kundayen digiri da ke jibge a ɗakunan karatunsu ba a ɗora su a intanet ba, wannan abin tunani ne.

Wani masanin tarihi Ba'amurke, Bret Devereaux, ya rubuta jerin maƙalu a 2021 bayan ya lura cewa ɗalibai suna shigowa ajinsa da ilimin da suka samo daga wasannin Paradox. Ya yaba da yadda wasan ke koyar da matsin da gasar makamai ke yi wa ƙasashe, ya kuma nuna cewa yana kallon duniya ne da idon hukuma, inda talaka ba ya bayyana sai a matsayin haraji ko soja ko ɗan tawaye. Misali mafi nauyi shi ne bayi, waɗanda a na huɗun aka lissafa su cikin hajojin da lardi ke samarwa, a jeri guda da hauren giwa da gishiri. Shigar da su cikin jama'ar da ake ƙirgawa a magajin mataki ne na gaba, ko da yake lissafi kaɗai ba zai iya nuna abin da bauta take nufi ga wanda aka kama ba.

Tun ranar da sabon wasan ya fito ake gwada shi da wanda ya ci moriyar gyaran shekara goma sha biyu, kuma da wuya jariri ya yi gudu da babban yaya. Wasu za su koma 1444 su jira, wasu za su rungumi 1337 da kurakuransa, kuma tabbas zagayen gyara da kunshin sayarwa zai ci gaba. Tun da haka ne, taswirar ranar farko ba ita ce ta ƙarshe ba. Za a ci gaba da sake zana ta na tsawon shekaru, kuma yadda Kano da Katsina da Gobir za su kasance a cikinta zai danganta da ko an samu masu kawo hujjar da ta fi wadda ke hannun masu zanen.