Tsakanin Kora Da Sallama: Takardar Da Na Rubuta Wa Wani Tsohon Kofur



Ya ɗan'uwa mai karatu, ka yi mini uzuri a kan jimawar da na yi ban leƙo wannan dandali ba. Abin da ya dawo da ni yau wata takarda ce mai shafi biyu, wadda na shafe kusan mako uku ina rubutawa ina yagewa, alhali kuwa ba tawa ba ce.

Akwai wani bawan Allah, mutumin Argungu, da 'ya'yansa biyu ke karatu a Islamiyyar da nake koyarwa a nan Birnin Kebbi. Kowa a unguwa Kofur yake ce masa, ko da yake ya fi shekara shida rabonsa da kaki. A bayan idonsa kuwa, wasu kan ce "korarren sojan nan". Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na ji wannan laƙabi na riƙe shi a zuci ba tare da na taɓa tambayar dalili ba, har ma nakan ɗauka cewa duk wanda soja suka kora to lallai ya yi wata babbar aika-aika. Astagfirullah.

Wata Alhamis bayan La'asar, da yake ba a karatu, ya same ni a zauren makaranta da wata tsohuwar ambulan a hannunsa. Bayan mun gaisa, ya ce, "Malam, an ce mini kai ka yi jami'a. Takarda nake so ka rubuta mini da Turanci zuwa ga manya." Na ce, "Kofur, wace irin takarda?" Sai ya zazzage ambulan ɗin a kan tabarma.

Ga labarin a taƙaice. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki. Yana wani bariki mai nisa da gida aka aiko masa mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah. Ya nemi izini aka ba shi mako guda. Ya iso Argungu ya tarar da jiki ya yi tsanani, ta cika a rana ta shida, shi ne babba a gida, ga zaman makoki, ga ƙanne mata, ga gonar shinkafa a fadama da 'yan'uwan uba suka fara yi wa kallon rabo. Ya ƙara kwana goma sha ɗaya a kan izininsa, bai aika wa kowa saƙo ba. Da ya koma da ƙafarsa aka gurfanar da shi gaban kwamandansa, shari'ar ba ta kai tsawon shan shayi ba, aka kore shi. Cikin harshensa na Kabawa ya ce mini, "Wallahi Malam ba gudu niy yi ba." Ba komawa aiki yake nema ba, domin ya ce gwiwarsa ba za ta ƙara ɗaukar fareti ba. Abin da yake so kawai a canza kalma ɗaya a takardarsa, a mayar da kora ta zama sallama.

Da farko na ga kamar abin bai taka kara ya karya ba. Sai da ya yi mini bayani na gane nauyin kalmar. Wanda aka sallama yana fita da takardar shaidar kammala aiki, kuma idan shekarunsa sun kai yana da hakkin giratuti da fansho daga hukumar fansho ta soja da ke Abuja. Wanda aka kora kuwa yakan rasa waɗannan, kuma duk inda ya je neman aiki, ko da gadin banki ne ko na makaranta, abin da ake fara tambayar tsohon soja shi ne takardar sallamarsa. Sau uku Kofur yana zuwa neman gadi, sau uku ana duba takardar ana miƙo masa abarsa. Yanzu kabu-kabu yake yi da rani, da damina ya koma fadamar Argungu.

Kafin in sa alƙalami sai da na bincika, domin kada in sa wa mutum rai a kan abin da ba ya yiwuwa. Na tarar dokar rundunonin sojan Nijeriya ta bambanta laifuffuka biyu da mu farar hula muke haɗawa a kwando ɗaya: rashin zuwa aiki ba da izini ba, da kuma gudu daga soja, wanda shi ne tafiya da niyyar ba za a dawo ba. Wanda ya dawo da kansa yana da hujjar cewa na farkon ya aikata. Dokar kuma ta tanadi hanyar kai koke ga na gaba, mataki bayan mataki, kuma bayan wannan akwai kotu.

Sannan na tarar sake duba irin wannan hukunci ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 2000 Shugaba Olusegun Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara ta zama ritaya, shekara talatin bayan ƙare yaƙin basasa. A 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya sun yi zanga-zanga a Akure saboda alawus ɗinsu da ba a biya ba, a 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, aka rage zuwa shekara bakwai, daga baya aka yi musu afuwa. A watan Satumba na 2015, zamanin da Janar Tukur Buratai yake shugabantar sojan ƙasa, rundunar ta sanar da mayar da sojoji 3,032 bakin aiki, bayan wani kwamiti ya sake duba shari'o'in waɗanda aka kora a lokacin yaƙi da Boko Haram. Abin da na lura da shi, kuma ya dame ni, shi ne dukkan waɗannan jama'a ne masu yawa, labarinsu ya shiga jarida da rediyo, wasunsu manyan lauyoyi irin su Femi Falana suka tsaya musu. Kofur shi kaɗai ne, laifinsa ƙarami ne, saboda haka ba wanda ya ji shi. A Amurka akwai hukuma ta dindindin a kowace runduna da aikinta ke nan, tsohon soja ya cika fom cikin shekara 15 da fitarsa ya nemi a ɗaga darajar sallamarsa, ba sai ya jira wani babba ya tausaya ba. Ina ganin da muna da irin wannan ƙofa da kowa ya san inda take, da ba a zauren Islamiyya za a zo neman mai rubuta koke ba.

Wahalar ba a Turancin take ba. Saɓani muka samu ni da shi a kan abin da za a rubuta. Shi so yake a ce kwana uku ya ƙara, kuma a ce ya aika saƙo ta hannun wani abokinsa saƙon ya ɓata a hanya, sannan a zuba wa kwamandan nan laifi cewa dama yana da jikakka da shi. Na ce, "Kofur, ka aika saƙon?" Ya yi shiru. Na ce masa fayil ɗinsa yana hannunsu, ranar da ya fita da ranar da ya dawo duk a rubuce suke, kuma ƙarya ɗaya da za su kama ta isa ta rushe gaskiya goma da ke cikin takardar. Ransa ya ɓaci, ya tattara ambulan ɗinsa ya tafi, kwana biyar ban gan shi ba.

A cikin kwanakin nan ne labarin Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, ya riƙa dawo mini, labarin da na sha karantar da ɗalibai ba tare da na taɓa kallonsa ta wannan fuska ba. Shi ma rashin fita da runduna ya yi, a yaƙin Tabuka, shekara ta tara bayan Hijira. Mutum tamanin da 'yan kai suka zo da uzurorinsu aka karɓi zahirinsu. Shi kuwa, duk da cewa mutum ne mai iya magana da zai iya tsara uzuri, ya faɗi cewa ba shi da wani dalili. Aka hukunta shi da abokansa biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, da ƙauracewa ta kwana hamsin. Abin da ya fi tsaya mini shi ne hukuncin yana da ranar ƙarewa, kuma da ya ƙare aka yi rige-rigen kai masa albishir. Ban ce soja su sassauta horo ba, domin rundunar da kowa ke tafiya gida ya dawo ranar da ya ga dama ba runduna ba ce, kuma Kofur ya yi laifi. Amma kwana goma sha ɗaya su cinye shekara goma sha ɗaya, har su bi mutum zuwa ƙofar kowane mai ɗaukar maigadi, wannan awo ne da na kasa gane mudunsa.

A rana ta shida ya dawo, ya tsaya daga bakin zaure ya ce, "Malam, rubuta yadda ta faru." Muka rubuta. Sakin layi na farko lambarsa da muƙaminsa da wuraren da ya yi aiki. Na biyu ya amsa laifinsa da adadin kwanakin cif, ba ragi. Na uku dalilin, tare da takardar asibiti da wasiƙar shaida daga mai unguwarsu a Argungu da ta limamin da ya sallaci gawar. Na huɗu ya nuna cewa da kansa ya koma, kuma a tsawon aikinsa ba a taɓa gurfanar da shi ba sai wannan karo. Na ƙarshe roƙo ɗaya tak, a mayar da korar ta zama sallama. Sunan kwamandan ma bai fito ba. Na kai wa wani lauya da muka yi makaranta tare ya duba, ya gyara wurare biyu, ya kuma yi mana faɗa a kan shekarun da aka bari suka wuce, domin a cewarsa jinkiri shi ne babban abin da ke kashe irin wannan koke. Idan kana da ɗan'uwa a cikin wannan hali, kada ya zauna kunya ta cinye masa lokaci, kuma ya adana kwafin kowace takarda.

Mun aika ta hanyar da ake ba da rasit, yau wata biyu da kwana tara. Amsa ba ta zo ba tukuna. Rasit ɗin yana cikin ambulan ɗin nan tare da sauran takardu, kuma duk ranar Asabar idan ya kawo yara a kan babur yakan ɗaga mini hannu daga nesa, in girgiza masa kai, shi ma ya girgiza, ya juya ya tafi neman fasinja.