Labarun Dare da Kwanon Gero

A shekarar 1986 akwatunan talabijin ba su da yawa a layinmu na Tudun Murtala, saboda haka da an idar da sallar isha'i sai mu yi dafifi a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu, a ɗora akwatin bisa benci a jira labaru. A nan muka fara jin SAP da SFEM, waɗanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta zo da su. Mai fassara, Allah Ya saka masa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ce "shirin gyaran tattalin arziki" da "kasuwar musayar kuɗin waje mataki na biyu." Hausa ce tsantsa, amma babu wanda ya tashi da komai. Dattawa suka ce zancen 'yan bokon Legas ne.

Alhali kuwa zancen namu ne, domin da yawa daga magidantan layin a masana'antun Bompai suke aiki. Abin da ya kamata a gaya musu bai wuce wannan ba: Dalar da ake samu a kan Naira ɗaya da 'yan kwabbai yanzu gwanjonta za a riƙa yi, har ta doshi Naira huɗu, kamfanin da ke sayo kayan aiki daga waje kuɗinsa ba zai isa ba, in bai isa ba, ma'aikata zai rage. Da an faɗi haka, watakila da wani bai ci bashin ƙara aure ba. Takardar sallama ce ta yi musu fassarar daga baya.

Mun daɗe muna ganin laifin 'yan jarida, har sai da muka gwada da kanmu. A watan Yuni na 2023, da aka saki Naira kasuwa ta yanka mata daraja, muka zauna mu rubuta rahoton minti ɗaya a kai, bisa sharaɗin kada "tattalin arziki" ya fito ko sau ɗaya. Mu ɗin nan da ke cika shafi arba'in da hirar saurayi da budurwa, sai da muka yaga takarda biyar. Ta shidan muka kai wa Inna mai koko, muka karanta mata muna taƙama.

Ta saurara har ƙarshe, ta juya ludayinta, ta ce, "To 'ya'yan nan, kwanon gero zai sauko ko hawa zai yi?"

Muka duba takardar sama da ƙasa, babu gero a ciki.