Agbogbloshie: Inda Ake Neman Zinare a Cikin Bola

Albasa ce ta kai ni Agbogbloshie. A shekarar 2019 na raka kawuna birnin Akra na ƙasar Ghana, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara, domin ya karɓi kuɗin albasar da ya turo daga Galmi. Muna zaune a rumfar dillalinsa sai na hango wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama daga wajen kogin Odaw. Na ce, “Kawu, gobara ake yi ne?” Ya yi dariya ya ce, “Ba gobara ba ce, ɗana, ’yan gwangwan ne ke neman abinci. Tashi mu je ka gani.”

Tafiya kaɗan muka yi muka shiga wani makeken fili. Ko’ina ka duba tsofaffin firji ne, da talabijin, da kwamfutoci, an jibge su tuli-tuli. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ƙarar guduma kuwa ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. Yawancin masu aikin matasa ne daga arewacin Ghana, musamman yankin Tamale, kuma da yawansu suna jin Hausa. Unguwar da ke maƙwabtaka da filin ma sunanta Old Fadama, kun ji kalmar tamu ta tsallaka har bakin teku.

Hayaƙin da na hango na wayoyin lantarki ne da ake ƙonawa don robar ta narke a tsince tagulla. Amma wani saurayi da ke zaune a inuwa shi ya fi ɗaukar hankalina. Yana ɓalle kwamfutoci da sukundireba, yana ciro koren allon nan na ciki da masu gyara ke kira fanel, yana ware su buhu-buhu. Na tambaye shi me ya sa ba ya jefa su wuta. Ya ɗago guda ya nuna mini bakinsa mai ɗan ruwan ɗorawa, ya ce, “Malam, wannan da kake gani gwal ne.”

Gaskiya ya faɗa. Zinare yana wuce da lantarki sosai, kuma ba ya tsatsa ko ya shekara nawa. Shi ya sa masu ƙera na’urori ke shafa shi a wuraren da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, kamar ’yan ƙafafun da ke jikin fanel da fuskar katin SIM. Sai dai shafen bai kai kaurin gashin kai ba, ko kusa. Wayar hannu guda tana ɗauke da abin da bai wuce miligiram 30 da ’yan kai ba. Ku yi lissafin da kanku: sai an tara waya wajen 30 kafin a samu giram ɗaya.

To, yaya ake raba shi da sauran tarkacen? A nan gizo ke saƙar. Saurayin nan ba shi ke cire zinaren ba. Awo yake kai buhunansa, a biya shi da kilo, dillalai su tara, a loda a jirgin ruwa zuwa manyan matatu na Turai da Asiya, irin wadda ke Hoboken a ƙasar Beljiyam. A can ake niƙa fanel ɗin, a narka shi a tanderu mai tsananin zafi, sannan a bi shi da sinadarai da lantarki har zinare ya ware daban, azurfa daban, tagulla daban. Suna da na’urorin tace hayaƙi da ruwan da ya gurɓata. Mai guduma ya sha wahala, mai ilimin sinadarai ya kwashi romon.

Ƙasar Japan ta nuna abin da tsari ke iya yi. Lambobin yabo kusan 5,000 da aka raba a gasar Olamfik da ta nakasassu ta Tokyo 2020, duk daga tsofaffin na’urorin da jama’a suka bayar aka samo ƙarfensu, ciki har da wayoyi fiye da miliyan 6. Zinaren da aka samu ya kai kimanin kilo 32.

A Agbogbloshie kuwa, ban yi sa’a guda ba idona ya fara raɗaɗi, maƙogwarona ya bushe. Hayaƙin da ƙurar wurin suna ɗauke da dalma da wasu gubobi masu lalata huhu da ƙwaƙwalwa. A 2013 wata ƙungiya mai suna Blacksmith Institute ta sa wurin cikin goma mafi gurɓata a duniya. Mu ma mun san sharrin dalma: a 2010 ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gida.

A watan Yulin 2021 hukumomin Akra suka rushe filin, aka kuma tayar da kasuwar albasar. Amma bolar ba ta ƙare ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ɗalibai, na san wasunku sun ga bidiyon masu jiƙa fanel a asid suna ciro gwal. Kada ku kuskura ku gwada. Tururinsa kaɗai yana ƙona huhu, ɗigonsa yana makantarwa, kuma abin da za ku samu ba zai biya kuɗin asibiti ba. Kada kuma ku ƙona matacciyar waya ko ku huda batirinta. Ku kai wa mai gyara, wataƙila akwai abin da zai mora a ciki. Wanda zinaren nan ya ba sha’awa, ya riƙe darasin kemistiri da kyau. Muna da bolar, muna da masu tattarawa. Masu iya tacewa ba tare da an kashe kowa ba su muke jira.