Makon Ista a shagon tela, Zariya

Lahadi, 24 ga Maris 2024

Lahadin Ganyen Dabino, azumin Ramadan kuma ya kusa rabi. Da aka tashi daga sujada a Wusasa na ratsa da autana ta gaban tsohon cocin St. Bartholomew, ginin ƙasar nan na 1929. Na gaya masa Likita Mila, ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ta dawo nan, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Shi dai hankalinsa na wurin mai ƙanƙara.

Litinin

Shago ya cika maƙil da ɗinkin Sallah. Ba wuta, fetur kuwa tun da aka cire tallafi bara sai a hankali, don haka keken ƙafa muka koma.

Wajen hantsi wani saurayi ya kawo shadda ruwan toka, kaftani yake so da aiki a wuya. Ina cikin gwada kafaɗarsa idonsa ya sauka kan kalandar zumuntar mata da ke jikin bango, mai hoton gicciye. Ya dubi hulata, ya sake duban bango.

"Baba, kalandar nan ta wane ne?"

"Tawa ce."

"Ashe kai ba Bahaushe ba ne?"

Na ce masa Bahaushe ne gaba da baya, ba ni da wani yare ko na sayen gishiri. Ya tambaya yaushe na bar addini. Na ce ban bar komai ba, a coci aka raɗa wa ubana suna. Ya yi shiru, ya ninke shaddarsa, wai zai je ya dawo. Na san ba zai dawo ba. Yaron shagona ya ce da ma mu sauke kalandar har Sallah ta wuce. Na ce ya ci gaba da guga.

Talata

Abincin rana a bayan labule nake ci tun da aka kama azumi. Wani ɗan cocinmu ya tarar da ni, ya ce tsoro ne. Ba tsoro ba ne, kara ce. Mutumin da ya wuni ba ruwa a zafin Maris, ba ka zauna gabansa kana kurɓar zoɓo mai sanyi ba. Da tsoro ne, ai kalandar zan fara ɓoyewa, ba kwano ba.

Laraba

Alhaji mai yadi, maƙwabcina, ya aiko da kunun tsamiya da ƙosai da magariba, kamar kullum. Labarin mai shadda ya kai kunnensa. Ya ce, "Malam, rabu da yaran yanzu, ba su san garinsu ba." Shi ya lissafo mini da bakinsa: Likita Dikko, likitan farko daga Arewa, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Janar Gowon, da ya tashi a Wusasa. Na ji daɗi, amma abin ya ɗan sosa mini rai. Sai mun jero manyan mutane kafin a yarda muna nan? Inna ba ta riƙe jami'a ba, daddawa ta sayar har ta rasu, kuma ba ta taɓa ɓoye Littafin Waƙoƙinta ba ran Lahadi.

Alhamis

Aiki ya hana ni komawa Wusasa a kan lokaci, sai na nufi wani coci a nan Sabon Gari don Jibin Ubangiji. Tun harin bam na Yunin 2012 a coci-cocin Zariya da Wusasa ake bincike a ƙofa, ban kuma ga laifin haka ba. Sai dai masu kwat suna wucewa da ɗan shafa na'ura, ni mai kaftani da hula aka tsayar gefe. Saurayin ya tambaye ni da Turanci wa nake nema. Na ciro Littafin Addu'ata daga aljihu, ya buɗe, ya ga Hausa ce, ya ƙara tsuke fuska. Sai da wata dattijuwa da nake wa ɗinki ta ce, "Ku bar shi, namu ne." Wannan ya fi na Litinin ciwo. Can baƙo ne ya yi mini shakka, nan kuwa ɗan'uwa ne.

Juma'a

Hutun gwamnati ne, amma kasuwa ba ta san hutu ba ana saura kwanaki Sallah. Na rufe shago. Wayata ba ta huta ba, kowa yana tambayar kayansa. Ban ce ba ni da lafiya ba, ban ce na yi tafiya ba. Na gaya wa kowa yau ce ranar da muke tuna mutuwar Almasihu, sai gobe. Wani ya yi tsaki. Wata Hajiya ta ce, "To, Allah ya ba da lada, a dai gama mini na yara."

Asabar

Ɗinki har tsakar dare.

Lahadi, 31 ga Maris

Ista. Zumuntar mata sun kaɗa tulu har ƙasa na amsawa. Uwargida ta dafa shinkafa da kaji, ta ajiye kason gidan Alhaji sai da rana ta faɗi yara suka kai, don ya dace da buɗe-baki. Kwanon ya dawo da dabino a ciki.

Litinin, 1 ga Afrilu

Yau ma hutu ne a takarda, amma na buɗe da sassafe, don alkawarin mutane na wuyana. Masu kaya a wurina, ku yi haƙuri ku zo ran Asabar da yamma, in Allah ya yarda ba wanda zai hau idi da tsohuwar riga. Ran Lahadi kuwa kada kowa ya wahalar da kansa, ina coci.